Shawarar Malam Badaru ga Ɗan Maƙeri

Shekara goma sha huɗu muka yi da Malam Badaru a makaranta ɗaya, sakandaren je-ka-ka-dawo ta garinmu, tsakanin Bagwai da Kunci. Ni sunana Hadi, Hausa nake koyarwa, shi kuma labarin ƙasa, kafin a ɗora masa aikin ba ɗalibai shawara a kan karatu da sana'a. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana da wani baƙin keke da ya ɗaura wa akwatin katako a baya, nan yake zuba littattafan yara. In yana magana da kai sai ya riƙe maka hannun riga, kamar yana tsoron ka tafi bai gama ba.

Ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Kunci. Gonarsu ba ta ciyar da su shekara, don a yankinmu gona a jikin gona take, in uba ya rasu aka raba gado kowa da ɗan fegi yake tashi. Shi kaɗai aka kai boko a gidansu. Ya sha ba mu labarin yadda ya zama malami. Ya ce shi malamin dabbobi ya so zama, saboda wasu shanun noma biyu da ya taso yana kiwo. Amma da lokacin jarabawar fita firamare ya zo, hedimasta ya shiga ofis shi kaɗai ya cike musu fom su talatin, ya rubuta wa kowa inda ya ga dama. Badaru bai san an zaɓa masa kwalejin horon malamai ba sai ranar da takarda ta zo.

"Ba wanda ya tambaye ni," haka yake cewa. "Ko akuya za a kai kasuwa ai a kan duba inda take ja."

A shekarar 1986 takarda ta zo daga ofishin shiyya cewa kowace sakandare ta tura malami ɗaya kwas na ba da shawara. Sauranmu muka noƙe, don ba ƙarin albashi a ciki. Badaru ya miƙe ya ce shi zai je. Sati uku ya yi a Kano, ya dawo da satifiket, da wani ƙaton littafi na Turanci, da damin takardun tambayoyi. Shugaban makaranta ya ba shi rabin sito ya zama ofishinsa. Ɗaya rabin kuwa cike yake da akwatunan injinan koyon sana'a da aka kawo mana, waɗanda ba a taɓa buɗewa ba saboda garin babu wutar lantarki. A kansu yake ɗora butarsa.

Shekarun wahala ne. Fari ya riga ya share rumbuna, kafin mutane su farfaɗo tsada ta sauko. Taki ya gagari talaka. Albashinmu sai ya yi wata biyu bai zo ba. Yara da yawa da ruwan koko kawai suke zuwa, in rana ta take sai ka ga kawuna a kan benci. Da damina kuwa aji kan koma rabi, duk suna gona.

Da farko yaran ba su gane aikin Badaru ba. Duk wanda aka ce Malam yana kira a sito sai ya zaci bulala ce. Takardun tambayoyin ma ba su taimaka ba. A ciki ana tambayar yaro ko yana son aiki a jirgin ruwa, ko a gidan adana kayan tarihi, yaron da bai taɓa wuce kasuwar Bichi ba. Da aka zo gurbin abin da mutum yake so ya zama, kusan duk ajin suka rubuta likita, don ita ce kalmar da suka iya rubutawa da Turanci ba kuskure. Wata yarinya ta rubuta da Hausa: duk abin da Allah ya zaɓa. Badaru ya kawo mana ɗakin malamai muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce laifin yaran ne, ba su da buri, kuma shi zai sa musu.

A cikin 'yan aji uku na shekarar 1988 akwai Khalilu, ɗan Nababa maƙeri. Yaro ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana. A lissafi ba mai kama shi, a Turanci kuwa da ƙyar yake tsallakewa. Abin da aka san shi da shi a gari shi ne gyaran injin ban-ruwa. A lokacin masu noman rani a fadamar Watari sun fara sayen ƙananan injina, kuma in inji ya tsaya sai an ɗauke shi a kai Bichi. Khalilu tun yana ɗan ƙarami yake zama yana kallon duk wanda ya kwance inji, har ya zama in aka tayar ya saurara sai ya ce fulogi ne, ko kafireto ne ya toshe, kuma haka ɗin ne. Manya masu gemu suna zuwa bakin makaranta su jira a tashi don su tafi da shi fadama.

In yaro ya gama aji uku a lokacin hanya biyu ce a gabansa. Ko ya ci gaba da mu zuwa aji shida, ko ya cike fom ya yi jarabawar shiga kwalejin fasaha, inda ake koyar da aikin hannu shekara uku. Fom ɗin sai mai ba da shawara ya sa hannu ya kai ofishin shiyya kafin ranar rufewa. Khalilu ya karɓi fom ya cike da kansa ya kawo sito. Ina zaune a wurin ina duba littattafai, don ɗakin malamai yana yoyo.

"Khalilu, me kake so ka zama?" in ji Badaru.

"Gyaran inji nake so, Malam."

"Wato injiniya."

"A'a Malam, makanike. An ce a can ana ajiye maka inji a gaba, ka kwance shi ka ɗaure, har na mota da na tarakta."

Badaru ya yi dariya ya kama hannun rigarsa. "Kai da kake cin tamanin a lissafi? Makanike ai ko wanda bai shiga aji ba yana yi. Kai jami'a za ka. Kai za ka zana injin, wasu su gyara. Ajin kimiyya zan sa ka."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Malam, Turanci yana ba ni wuya. In ana bayani rabi nake ganewa. Amma inji ko an rufe mini ido zan haɗa shi."

"Turanci koyo ake yi. Ka bar fom ɗin a nan, zan ga Baba."

Washegari bayan la'asar ya hau keke ya tafi maƙera. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, yana murna. Ya tarar da Nababa yana gyaran garma, ɗansa babba yana zuga. Ya yi masa bayanin jami'a, da yadda injiniya yake da gida da mota, da yadda ba a taɓa samun ko ɗaya daga garin nan ba. Tsohon ya ajiye masaba ya saurara har ƙarshe.

"Malam," ya ce, "ni ƙarfe na sani. In ya nuna mini inda zai lanƙwasa, nan nake bi. Yaron nan hannunsa a kan inji yake tun bai yi kaciya ba. Amma kai gwamnati ta tura ka koyo sanin yara. In ka ce ga hanya, ni wane ne zan ja da kai?"

Khalilu ya sake zuwa sito sau biyu yana tambayar fom. Na farko Badaru ya ce masa ana dubawa. Na biyu ya ce lokaci ya wuce. Gaskiya ne lokaci ya wuce, amma ni na ga fom ɗin a cikin durowa, a ƙarƙashin ƙaton littafin nan, ba sa hannu. Na yi masa magana.

"Malam Hadi," ya ce, "yaro bai san inda ke masa ciwo ba. Nan da shekara goma zai zo ya gode mini."

Abin da Badaru bai duba ba shi ne ajin kimiyyar da ya tura yaron. Mai koyar da fiziks ɗan bautar ƙasa ne, da shekararsa ta cika ya tafi, ba a kawo wani ba har Khalilu ya gama. Malamin kemistiri ya gaji da jiran albashi ya koma sayar da buhuna a kasuwar Dawanau. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa suna ne kawai, jemagu ne a ciki. Yaran suna zama da littafi ɗaya su bakwai, suna haddace abin da ba su taɓa gani da ido ba. Badaru ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan rage masa ba. Ya rubuta takardu zuwa ofishin shiyya, ya je da ƙafarsa sau uku, har shi da kansa ya riƙa karanta fiziks yana zuwa yana koya musu abin da shi ma bai gama ganewa ba.

A gida kuma Nababa ya hana Khalilu taɓa sifana, saboda Malam ya ce karatu yana son nutsuwa. Masu injina suka zo suka gaji, suka koma wurin wani da ya zo daga Bichi ya buɗe rumfa a bakin kasuwa. Mutanen gari suka fara kiran yaron Injiniya. Da farko da alfahari suke faɗa.

A 1991 sakamako ya fito. Ya ci lissafi da Hausa da addini, ya faɗi Turanci da fiziks da kemistiri. Ya sake zama a shekarar da ta biyo baya, ya sake faɗuwa. A cikin wannan shekarar tari ya kama Nababa, kafin kaka ya rasu. Maƙera ta koma hannun wan Khalilu, kuma ba ta iya ciyar da gida biyu. Sunan Injiniya bai bar shi ba, sai dai yanzu in an faɗa ana kallon juna. Na taɓa ganin wani ya tsayar da shi a kasuwa yana cewa, "Injiniya, yaushe za a zana mana jirgin?" Ya wuce abinsa.

Badaru ya neme shi ya ce ya sake gwadawa karo na uku. Ya ce to. Bayan kwana biyu aka wayi gari ya tafi Kano.

Daga baya muka ji ya zagaya garejoji yana neman a ɗauke shi. Duk inda ya je sai a ce ya girma da zama yaron gareji, in ma an ɗauke shi sai ya yi shekaru yana wankin kaya ba abin sawa a baki. Shi kuma abincin ranar yake nema. Wani ya ba shi babur ya shiga acaɓa. Shekara guda da 'yan watanni yana yi. A 1994, a kan titin Katsina, wata tifa ta matse shi da wata motar haya. Hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashin babur ya dagargaje. Ana yajin aiki a asibitoci, sai aka kai shi wurin mai ɗori. Da aka kwance bayan kwana goma hannun ya riga ya lalace. Aka yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu.

Ranar da labarin ya zo muna ɗakin malamai. Badaru yana tsaye da alli a hannu. Ya tambayi wanda ya kawo labarin, "Wane hannun?" Aka ce na dama. Ya zauna a kan benci, bai shiga aji ba ranar. Da aka tashi ya manta kekensa ya tafi gida a ƙasa.

Ranar Asabar ya zo ƙofar gidana da sassafe ya ce in raka shi. Muka hau akori-kura zuwa Bichi, daga nan muka shiga bas zuwa Bacirawa, inda Khalilu yake kwance a gidan gwaggonsa Kulu. Gida ne na ƙasa a bayan gari, ko katanga ba a gama ba. Tsohuwar ta shimfiɗa mana tabarma a bakin ɗaki. Ya fito yana dafa bango da hagu, ya rame har ban gane shi ba, dungulmin a naɗe da farin ƙyalle. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar yadda yake yi a makaranta.

Muka yi masa jaje. Badaru ya buɗe baki ya rufe sau biyu, mutumin da ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba.

"Khalilu," ya ce, "fom ɗin nan naka na kwalejin fasaha. Ba lokaci ne ya wuce ba. Ni na riƙe shi."

"Na sani, Malam."

"Ka sani?"

"Ranar da ka aike ni ɗauko rajista na buɗe durowar na gan shi."

"Me ya hana ka yi magana?"

"Na yi, Malam. Ka tambaye ni na faɗa maka. Na sake dawowa sau biyu." Ya gyara zaman ƙyallen. Ba faɗa a muryarsa, kamar mai ba da labarin wani. "Da na ga Baba ma ya yarda, sai na ce ƙila ni ne ban gane ba."

Hawaye suka zubo wa Badaru, bai share ba. Ya ce, "Na cuce ka. Ka yafe mini don Allah."

Khalilu ya kalli ƙasa. Muka jira. Gwaggonsa daga cikin ɗaki ta ce, "Kai, Malam yana magana." Bai ɗago ba, bai ce uffan ba. Da shirun ya yi tsawo na taɓa Badaru muka miƙe. Da muka iso bakin kasuwar garinmu ya ce, "Hedimastanmu bai tambaye ni ba. Ni na tambaya, na ji amsa, na take ta. Wane ne ya fi laifi a cikinmu?"

Ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya je wurin mai rumfar gyaran nan ya roƙe shi ya zauna da Khalilu, tunda kunnensa yana nan, ya riƙa gano ciwon inji wani yana kwancewa. Mutumin ya yarda. Badaru ya aika wa Khalilu, amsa ta dawo cewa ya gode, amma ba ya iya zama kusa da inji. Daga baya muka ji yana sayar da kalanzir a kwalabe a bakin titi, nan Bacirawa.

Daga wannan shekarar aikin Badaru ya canja. Takardun tambayoyin nan ya ba mai ƙosai. Ya daina kiran yara sito, sai ya same su a gindin darbejiya lokacin hutun tara, ko ya tura keke su jera a hanyar gida. Ya koyi yin shiru, abin da ya fi komai yi masa wuya. Na sha ganinsa ya sa hannu a aljihu don kada ya kama rigar yaro. In yaro ya ce ga abin da yake so, sai ya ce, "Ba ni labarinsa," ya bar shi ya yi ta magana. Kafin ya ce wa kowa ya shiga wani aji sai ya tabbatar akwai malamin da zai koyar, in babu ya faɗa wa yaron da ubansa ƙiri-ƙiri. Ya riƙa bin gidaje yana ganin gonar kowa da yawan bakin da ke ci a cikinta. Duk wata yakan je Kano ya zagaya makarantun koyon aikin lafiya da na gona da na fasaha, ya rubuto ranakun fitar fom da na rufewa, ya manna a jikin allo. Ya kawo malamin dabbobi da tela da mai walda da wata ungozoma suka tsaya gaban yara, ya ce kowa ya faɗi daɗin aikinsa da wahalarsa, kada ya ɓoye.

Akwai wata yarinya Fadima, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda shugaban makaranta ya so a tura neman jami'a don sunan makaranta ya fito. Ita kuma ta ce aikin ungozoma take so, a makarantar da ke ɗaukar shekara biyu, don ta dawo ɗakin shan magani na garin. Yayarta a wurin haihuwa ta rasu, a kan amalanke, ana hanyar Bagwai. Shugaba ya kira Badaru ya ce ya lallashe ta.

"Ranka ya daɗe, na gaya mata abin da ke jami'a da abin da ke can, ban rage komai ba. Ta ji, ta zaɓa."

"Kai ne fa mai shawara."

"Shi ya sa. Shawara aka ce in bayar."

A ranar ya hau keke ya kai fom ɗinta har ofishin shiyya, ana yayyafi. Ta samu, ta gama, ta dawo. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu na ƙarshe. Irinta sun kai ashirin a cikin shekaru huɗun nan: masu walda, malaman gona, wani mai gyaran rediyo, biyu kuma da suka ce jami'a suke so ya tsaya musu har suka shiga. In na ambata masa su don ya ji sanyi sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kawo wata maganar.

Wata rana wani sabon malami da za a tura kwas irin nasa ya tambaye shi abin da aikin yake bukata. Badaru ya ce, "Za su ba ka littafi, ka karanta, akwai amfani a ciki. Amma ka san gidan yaron, ka san makarantar da za ka tura shi, ka je ka gani da idonka. Kuma in kana son yaro ƙwarai, ka yi hattara da kanka a ranar. Ni wanda na fi so shi na kassara."

A 1997 aka kawo sabon shugaba. Malamai sun ragu, ya ce makaranta ba ta da sararin ajiye mutum guda yana hira da yara. Aka mayar wa Badaru darasi talatin a sati, aka zuba buhunan siminti a ofishinsa. Bai yi musu ba. Ya ci gaba da abinsa a hanya da gindin bishiya, da zuwa Kano daga aljihunsa. Amma jiki ya fara ba shi labari. Yana fama da ciwon kai, an ce hawan jini ne, magani kuma wata ya saya wata ya bari. Matarsa Huseina ta taɓa tare ni a soro ta ce, "Malam Hadi, ka yi wa abokinka magana. Ba ya cin abinci, kuma duk sallah sai na ji yana ambaton yaron nan." Na yi masa, ya ce zai kula.

A cikin damina ta 1998, ranar Talata, yana rubutu a allo a aji biyar sai allin ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana tara ya yi a gida, Fadima tana zuwa safe da yamma tana duba shi. Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Yana da shekara arba'in da shida, ya bar 'ya'ya biyar. Ɗalibai suka cika maƙabarta har kan gonar gero da ke gefe.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an fara watsewa, na hango wani yana tahowa daga bakin titi, rigarsa jiƙe da gumi, hannun riga ɗaya a soke cikin aljihu. Khalilu ne. Ana wahalar mai a lokacin, motoci ba sa tashi, labarin ma sai a daren da ya gabata ya same shi. Daga Bichi a ƙasa ya taho. Ya yi wa 'yan'uwan mamaci ta'aziyya, ya leƙa soro ya gai da Huseina, sannan ya zo ya zauna kusa da ni.

"Malam, ya yi magana kafin ya rasu?"

"Bakinsa ya rufe tun ranar da ya faɗi."

Ya jinjina kai. "Ranar da kuka zo Bacirawa ya ce in yafe masa, ban amsa ba. Wallahi ba ƙi na yi ba. Na san in na buɗe baki kuka zan yi a gabanku. Na ce in na warke zan zo har gida in faɗa masa. Da na warke sai kunya ta hana ni shigowa garin nan. Kullum ina cewa bayan sallah."

Na ce ya tashi mu je. Muka bi ta cikin gonaki zuwa maƙabarta, na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta bushe ba. Ya tsuguna ya ɗaga hannunsa ɗaya ya daɗe yana addu'a. Na matsa gefe na ba shi wuri. Abin da na ji kawai shi ne, "Na yafe, Malam. Tun ranar na yafe."

Na ce ya kwana a gidana, ya ce gwaggonsa ba lafiya kuma ba wanda zai zauna masa a kan kalanzir. Bai koma cikin gari ba, ko maƙerarsu bai leƙa ba. Na raka shi bakin titi muka zauna a kan wani kututture fiye da awa biyu ba mota. Can wajen la'asar wata motar albasa ta tsaya. Yaran motar suka miƙo hannu suka ja shi sama, ya zauna a kan buhu ya riƙe ƙarfe da hagunsa, suka tafi. Ni kuma na koma gidan makoki, don akwai tabarmin makaranta da za a mayar kafin magariba.